Karin Sauti a Baki da a Takarda: Hmong, Suwidanci da Rubutun Hausa a Matamaye

A littattafan share fagen ilimin harsuna, akan ajiye harshen Hmong da harshen Suwidin a ɗakuna biyu masu nisa da juna. Hmong harshe ne na mazauna tsaunukan kudancin Sin da Lawos da Biyetnam da Tailan, kalmominsa gajeru ne, galibi gaɓa ɗai-ɗai, kowace gaɓa da karin sautinta. Suwidanci kuwa ɗan dangin Jamusanci ne da Ingilishi, masu magana da shi sun kai kimanin miliyan 10, kuma tun shekarar 1786 Sarki Gustav na III ya kafa masa cibiyar da ke kula da shi. Masu kwatanta harsunan biyu sukan yanke hukunci cikin hanzari cewa ɗaya harshen karin sauti ne, ɗaya kuma na Turai ne kawai, su wuce. Hukuncin yana da rauni, domin harsunan biyu duka suna amfani da hawa da saukar murya wajen bambanta kalma da kalma. Bambancinsu na gaskiya yana cikin nauyin kayan da karin sauti ke ɗauka a kowannensu, da kuma shawarar da masu tsara rubutu suka yanke game da wannan kaya.

Wannan batu ya shafi mai karatun Hausa kai tsaye, musamman a gari irin Matamaye, fadar gundumar Kance a jihar Damagaram, inda hanyar Daura ta bi ta Ɗan Barto ta shiga Najeriya. Yaron Matamaye yakan gamu da Hausa a rubuce ta fuskoki uku: ajamin makarantar allo, littafin koyon karatu na Nijar, da littattafan Kano da Zariya da ke ƙetaro iyaka. Tun watan Maris na 2025, lokacin da Kundin Sake Gina Ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, tambayar abin da ake rubutawa da abin da ake bar wa mai karatu ya cika da kansa ta tashi daga zauren masana ta shiga aji da ofis.

Hmong: baƙin da ba a furtawa

Rubutun boko na Hmong da ya fi yaɗuwa an tsara shi ne a ƙasar Lawos tsakanin 1951 da 1953. Mutum uku ne suka jagoranci aikin tare da ƴan ƙabilar: William Smalley da Linwood Barney, ƴan mishan daga Amurka, da Fada Yves Bertrais, Bafaranshe. Matsalar da ke gabansu babba ce, domin a karin harshen da ake kira Farin Hmong gaɓa guda tana iya ɗaukar karin sauti bakwai, kowanne da ma'anarsa. Sai suka lura da wata dama a ginin harshen kansa: gaɓar Hmong ba ta ƙarewa da baƙi, in ban da sautin hanci, wanda suka nuna shi ta hanyar ninka wasali. Wurin baƙin ƙarshe ya zama fili ke nan da babu mai shi, suka kuwa dasa karin sauti a cikinsa.

Misalin da aka fi bayarwa shi ne na gaɓar po. In an rubuta pob, murya tana sama, ma'anar kuwa ƙwallo ko dunƙule. Poj, murya ta faɗo daga sama, mace ke nan. Pov, murya ta hau daga tsakiya, jifa. Pos, murya tana ƙasa, ƙaya. Pog, murya ta faɗo da huci, kaka. Pom, murya tana ƙasa a maƙure, gani. In kuwa an bar po tsurarta, murya tana tsakiya, ana nufin saifa. Haruffan b, j, v, s, g da m ba a furta ko ɗaya daga cikinsu. Alamu ne na inda murya za ta tsaya. Sunan ƙabilar ma haka yake: suna rubuta shi Hmoob, inda oo ke nuna sautin hanci, b kuma ke nuna karin sama.

Alfanun wannan dabara ya bayyana bayan 1975, sa'ad da yaƙin Lawos ya tarwatsa dubban ƴan Hmong zuwa sansanonin Tailan, daga nan zuwa jihohin Minnesota da Wisconsin da Kalifoniya a Amurka, da Faransa, har da ƙauyen Cacao da suka kafa a Guyana ta Faransa a 1977. Rubutun ba ya bukatar ƙugiya ko ɗigo, kowace tafireta tana buga shi, haka ma kowace wayar hannu a yau. Dangin da teku ya raba sun ci gaba da aika wa juna wasiƙu da harshensu. Amma an biya farashi. Wanda ya fara karatu da Ingilishi yakan furta baƙin ƙarshe, har ta kai sunayen zuri'a suna da fuska biyu: Vaj a gida, Vang a takardun hukuma, Yaj a gida, Yang a ofis.

Akwai wata shaida daga cikin al'ummar kanta cewa rubuta karin sauti bukata ce ta masu harshen, ba ƙa'idar baƙi kawai ba. A 1959 wani manomi mai suna Shong Lue Yang, wanda bai yi karatun boko ba, ya fito da rubutun kansa mai suna Pahawh. An kashe shi a 1971, amma rubutun ya rayu, kuma Smalley tare da Chia Koua Vang da Gnia Yee Yang sun ba da tarihinsa a littafin Mother of Writing na 1990. A Pahawh, wasali da karinsa su ne ginshiƙin gaɓa, su ake fara rubutawa, baƙin farko ya biyo baya. Kunnen mai harshen ya ji cewa a nan ma'ana take.

Suwidanci: karin da ba a rubutawa

Suwidanci yana da kari iri biyu da masana ke kira kari na 1 da kari na 2. Kalmar anden, in an furta ta da na farko, tana nufin agwagwar. In da na biyu, tana nufin ruhin. Tomten da na farko filin gida ne, da na biyu kuwa wani ɗan tsohon aljanin gida ne na tatsuniyoyinsu. A takarda babu abin da ya raba su, kuma gyaran rubutu na 1906, wanda ya share haruffa da dama da ba a furtawa, bai taɓa wannan ba.

Dalilai uku suka sa Suwidanci ya iya yin wannan sakaci ba tare da ya cutu ba. Na farko, tagwayen kalmomin da kari kaɗai ya raba ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba. Na biyu, galibi ana iya gane karin daga ginin kalma: and, agwagwa, gaɓa ɗaya ce, don haka ko an liƙa mata madanganci tana riƙe da kari na 1, ande, ruhi, gaɓa biyu ce, tana ɗaukar kari na 2. Na uku, mafi yawan masu Suwidanci na ƙasar Finlan ba sa yin wannan bambanci sam, kuma mutanen Istokholm suna fahimtarsu sarai. Karin da za a iya zubarwa gaba ɗaya ba tare da magana ta rikice ba, kaya ne mara nauyi.

Sai dai masu kawo Suwidanci a matsayin hujjar cewa rubutu ba ya bukatar alamu sukan manta da rabin labarin. Suwidanci yana rubuta tsawon wasali, ta hanyar ninka baƙin da ke bin gajeren wasali. Tak, mai dogon wasali, rufin ɗaki ne. Tack, mai gajere, godiya ce. Mat abinci ne, matt kuwa abu mai rauni ko dusashe. Wato masu tsara rubutun sun auna kayan biyu, suka ajiye mara nauyin, suka ɗauki mai nauyin. Bayan haka, al'ummar ta daɗe da sabon karatu, tun fassarar Baibul ta 1541 da dokar coci ta 1686 wadda ta wajabta koya wa jama'a karatu.

Inda Hausa ta tsaya

Hausa tana da karin sama da na ƙasa da faɗau, tana kuma da dogo da gajeren wasali. Kusancinta da Suwidanci ta wannan fuska bai ɓoyu ga masana ba: a 1986 Mona Lindau ta gwada a kan jimlolin Hausa wani tsarin auna rausayar murya da Eva Gårding da Gösta Bruce suka gina domin Suwidanci. Har a nahawu akwai kama, domin harsunan biyu suna liƙa madanganci a ƙarshen suna: hus ya koma huset, kamar yadda gida ke komawa gidan.

Amma daidaitacciyar Hausa, tun ƙa'idojin Hanns Vischer na 1912 da gyare-gyaren da aka yi a Zariya zamanin Rupert East a shekarun 1930, ta bar kari da tsawon wasali duka a waje. Ta bi Suwidanci wajen ƙin rubuta kari, ba ta bi shi wajen rubuta tsawo ba. Tana ninka baƙi, shi ya sa daba da dabba ba sa rikicewa, amma garin da ake zama cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya ne. Haka dawa ta rumbu da dawa ta jeji. Wuya na jiki da wuya ta wahala. Kuka ta miya da kuka na hawaye da kuka na "abin da kuka ji". A nan almajirin tsangaya ya fi ɗan boko sa'a, domin ajami yana ja wa dogon wasali alif ko wau ko ya, ya raba garin tuwo da garin sarki.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce jimla tana warware komai. Sau da yawa haka ne. Sai dai akwai wuraren da jimla ba ta da abin cewa, kuma ba wurare ne na wasa ba. A 2004 ƙasar Nijar ta gamu da ƙarancin ruwan sama da farmakin fara a damina guda, abin da ya jawo yunwar 2005 wadda ta tsananta a jihohin Maraɗi da Damagaram. Rahoton da ya ce "ɓarnar fari" a irin wannan shekara bai faɗa wa mai karatu ko rashin ruwa ake nufi ko jam'in fara ba, alhali a baki kalmomin biyu sun bambanta a kari da tsawo. "Kuɗin ma'aikata" na iya zama kuɗin ofis ko kuɗin masu aiki a cikinsa, kuma duk wanda ya san rigimar albashi ya san tazarar da ke tsakani.

Babban nauyin ma yana cikin nahawu. Kalmar ya, baƙi ɗaya da wasali ɗaya, tana da karatu huɗu: mai tsawo da karin sama, aiki ya riga ya auku, gajeriya da karin sama, kamar a "wanda ya zo", gajeriya da karin ƙasa, umurni ko fata, mai tsawo da faɗau, abin da ake tsammanin aukuwarsa. Saƙon da ɗan kasuwar rake na Matamaye zai tura wa abokin cinikinsa a Daura, "ka gaya wa Malam ya biya", yana iya zama albishir cewa an biya bashi, yana kuma iya zama neman a biya. "Da ya zo" tana iya nufin lokacin da ya zo, tana iya nufin bai zo ba ma sam. Suwidanci ba shi da irin wannan. Lokacin aikatau a cikinsa a rubuce yake da haruffa. Ta wannan fuska kayan da muryar Bahaushe ke ɗauka ya fi kusa da na Hmong, rubutunsa kuwa ya yi kamar kayan bai kai ko na Suwidanci ba.

Abin da Nijar ta gwada

Wannan giɓi ba yau aka gano shi ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun nuna kari da tsawo, haka ma ƙamusun Newman na 1977 da aka yi a Kano. Taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta shirya, ya buɗe hanyar rubuta dogon wasali ta ninka shi, Nijar kuwa ta yi aiki da wannan a littattafan yaƙi da jahilci. A cikin wannan zamani ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida, a Damagaram, a 1973. Najeriya ba ta bi ba, domin tana da tarin littattafai da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, duk a tsohon tsari. Sakamakon shi ne harshe ɗaya ya samu rubutu biyu, iyaka ta raba su. Taron Yamai na 1980 ya daidaita tsarin ƙasashen biyu, Nijar ta ajiye ninkin wasali, kuma dokokin rubutu na 1981 da 1999 suka tafi a kan haka. Bambancin da ya fi fitowa fili a yau shi ne ƴ a Nijar da 'y a Najeriya.

Ga gari irin Matamaye, daidaitawar 1980 riba ce babba. Ɗalibin da ya koyi karatu a can yana ɗaukar Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ko littafin hikaya na kasuwar Kano ya karanta ba tare da sake koyon baƙaƙe ba. Abin da za a iya tuhumar taron da shi shi ne ya ɗauki zaɓin a matsayin ko duka ko babu: ko a ninka kowane dogon wasali, ko a bar kowanne.

Masu goyon bayan barin rubutu yadda yake suna da hujjoji masu ƙarfi, kuma adalci ne a saurare su. A 1999 Steven Bird ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan harshen Dschang na Kamaru, inda ya iske cewa sa alamar kari a kan kowace gaɓa ya rage wa masu karatu sauri maimakon ya taimake su. Yarbanci yana da cikakken tsarin alamun kari, amma a rubutun yau da kullum mutane da yawa sukan zubar da su. Dabarar Hmong kuwa ba za ta yi aiki a Hausa ba, domin kalmomin Hausa suna ƙarewa da baƙaƙe masu aiki, kamar n da r na gidan da motar. Filin da Hmong ya samu fayau, a Hausa an riga an gina shi. Bugu da ƙari, furuci yana sauyawa daga Sakkwato zuwa Kano, daga Tawa zuwa Damagaram, kuma rubutun da bai cika bin diddigin furuci ba ya fi iya haɗa kare-karen harshe a inuwa ɗaya.

Duk waɗannan hujjoji suna rushe cikakkiyar alama ne, ba su taɓa zaɓaɓɓiyar alama ba. Haka kuma dukkansu sun dogara ga mai karatun da ya sha Hausa a nono, wanda kunnensa ke cike abin da idonsa bai gani ba. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan gida a aji, dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, amma kundin 2025 ya ɗaga Hausa sama da sauran. Wannan yana nufin rubutacciyar Hausa za ta ƙara isa hannun Bazabarme na Dosso da Babarbare na Difa da Buzu na Agadas. Wanda bai taso da harshen ba, in ya ga ya biya, ba shi da muryar uwa a kunnensa da za ta raba masa gardama. Harshen da aka ɗora wa nauyin ƙasa mai harsuna da yawa yana da hakkin waɗanda za su koye shi daga takarda a wuyansa.

Alama kaɗan, a inda ta fi amfani

Darasin da ke cikin kwatancin Hmong da Suwidanci shi ne kowannensu ya auna kayansa kafin ya yanke shawara. In aka yi wa Hausa irin wannan awo, za a iske rikicin nahawu ya taru ne a wuri ƙanƙane. Jam'i ba shi da matsala sosai, domin mun da muka da mu sun bambanta a haruffa, haka kun da kuka da ku, da sun da suka da su. Matsalar tana kan na, ka, ya, ta, sai kuma da. Alamar karin ƙasa a kan lamirin umurni, kà, yà, tà, ta isa ta raba "ka gaya masa yà biya" da "ka gaya masa ya biya". Alamar faɗau a kan dâ ta zamanin baya ta isa ta raba ta da sauran ƴan'uwanta. Bayan waɗannan, sai ɗan gajeren jerin tagwayen kalmomi irin fari da ma'aikata, waɗanda za a yi wa alama a dokoki da rahotanni da takardun yarjejeniya. Cikakkiyar alama kuwa a bar wa ƙamus da littattafan koyon Hausa na waɗanda ba Hausawa ba.

Nijar tana da sauƙi na musamman wajen wannan. Faransanci kansa yana amfani da wannan alama domin raba kalmomi masu rubutu ɗaya: a da à, ou da où, la da là. Ɗalibin Matamaye ya riga ya san ta daga ajin Faransanci, kuma tana nan a kan allon buga rubutu na kwamfutocin ofis, inda samun à da â ya fi samun ɗ da ƙ sauƙi.

Sharaɗi ɗaya ne ba za a tsallake ba, shi ne wanda shekarun 1966 zuwa 1980 suka koyar. Gyaran da Yamai za ta yi ita kaɗai zai sake tsaga rubutun a kan iyaka, kuma garuruwan bakin iyaka irin Matamaye da Magarya da Daura su ne farkon waɗanda za su ji a jikinsu. Aikin na zaman haɗin gwiwa ne tsakanin cibiyar INDRAP da jami'o'in Yamai da Damagaram a wannan ɓangare, da Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero da takwarorinta na Zariya da Sakkwato a ɗaya ɓangaren. Kafin a zartar da komai kuma, ya kamata a gwada alamun a aji, kamar yadda Bird ya yi a Kamaru: a ba yara Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba shafi mai alama da mara alama, a ƙirga tuntuɓe, a auna lokaci. Makarantun gundumar Kance, inda littattafan ƙasashen biyu ke haɗuwa a jakar yaro ɗaya, sun dace da fara wannan gwaji.